Bajimin da Ba a Ƙyanƙyashe Ba

Akwai wani mutum a birnin Winnipeg mai suna Wendell Kowalchuk, ɗan shekara ashirin da tara. Litinin zuwa Juma'a yana shagon tayoyi, hannu duk baƙin mai. Ranar Asabar kuwa sai ya zama wani daban. A wani ƙaramin shagon wasanni na unguwarsu, shi ne shugaban ƙungiyar masu wasan tara dodanni, wanda ake yi a 'yar na'urar hannu: ka kama dodanni, ka rene su, ka zaɓi shida ka kara da wani.

Wendell ya iya wasan, wannan babu musu. Matsalar ita ce ya san ya iya. In ya cinye mutum sai ya raka shi da baƙar magana har bakin ƙofa.

A cikin ƙungiyar akwai Odette Fontaine, direbar bas ɗin birni, mai shekara hamsin da huɗu. Ta koyi wasan ne lokacin da aka yi mata aikin gwiwa, ta yi wata uku a zaune. Kowa Anti Odette yake ce mata.

Wata Asabar tana kurɓar kofi ta ce, "Wendell, me ya sa ba wanda ke fita gasa da dodon nan Bajimin Ƙanƙara?"

Ya tuntsire da dariya. "Haba Anti! Wannan ai gawa ce. Dodon wuta ya hura masa ya narke, na dutse ya jefe shi ya tarwatse. Ga nawar tafiya kamar bas ɗinki ranar da hanya ta daskare."

"Nawar nake so," in ji ta. "Ka tuna Mujiyar nan mai juya layi? In ta juya, bugu huɗu a jere mafi rashin sauri shi ke fara duka. Ka tsayar da ita a gefen Bajimin. Kafin nan ka sako Dilan da ke kiran dusar ƙanƙara, fatar Bajimin ta ƙara tauri, ya sha bugun farko bai faɗi ba. To in layi ya juya, wa zai tsaya a gabansa?"

Wendell ya jawo takarda ya fara gwadawa. Mako uku suna gyara tsarin nan tare. Shi ya kawo dodon ruwa da zai tare masu wuta, shi ya gano bugun da ya fi dacewa a buɗe da shi. Duk wanda suka gwada da shi a shagon sai ya tashi yana sosa ƙeya.

Sai dai akwai sharaɗi. Dole Bajimin ya zama mafi nawa a jinsinsa tun daga haihuwa, in ba haka ba wani mai nawar zai riga shi duka. Irin wannan kuwa sai an yi ta ƙyanƙyasar ƙwai a cikin wasan, ɗaya bayan ɗaya. Wani sai ya fasa ɗari biyar bai dace ba.

Odette ta duƙufa. Duk hutun da ta samu a tashar ƙarshen layi, tana kan ƙwai.

Wendell ya yi kwana huɗu ya gaji. Sai wani da bai taɓa gani ba ya yi masa magana a intanet, ya ce zai turo masa irin wanda yake nema. Cikin minti goma ya iso. Duk ɗan wasa ya san ma'anar wannan: dodon ƙira ne, da kwamfuta aka haɗa shi, kuma haramun ne a gasa.

Da Odette ta gan shi ta ce, "Ɗana, ina ka samo wannan?"

"Kyauta ce."

"Daga wa?"

"Anti, rabin 'yan gasa haka suke yi. Wa ke dubawa?"

Sai da ta yi mako shida kafin nata ya fito, saura kwana biyar babbar gasar da za a yi a Minneapolis. A gaban kowa ta ce masa, "Yanzu da na samu uba, 'ya'yansa za su gado shi. Ba ni kwana uku in fitar maka da naka na halal."

"Ki riƙe abinki, Anti. Ni ba kaza ba ne da zan zauna kan ƙwai."

Shago ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi murmushi.

A motarta suka tafi. Ranar Asabar da safe suka shiga zauren, mutum kusan ɗari bakwai, tebura jere har ƙarshen gani. Kowa ya miƙa sunayen dodanninsa shida aka kulle. Daga nan babu canji.

Sai babban alƙalin gasar, wani dogo mai shuɗin rawani da ake kira Harjit Grewal, ya ɗauki lasifika.

"Sanarwa ɗaya kafin mu fara. Bana mun zo da sabuwar na'urar bincike. Kowane zagaye za mu ɗauki mutane a duba, ba tare da sanarwa ba. Duk wanda za a haska wasansa kai tsaye sai an duba shi. Wanda aka samu da dodon ƙira zai bar gasar nan take, kuma sunansa zai fita."

Gaban Wendell ya yanke ya faɗi.

Ya waiga hagu da dama, gani yake kamar kowa shi yake kallo. Ya zaro waya, ya rubuta wa mutumin nan: "Wanda ka turo min zai wuce bincike?" Amsa ta zo da sauri: "Ni ban taɓa ce maka na gasa ne ba." Da ya sake rubutawa, saƙon bai shiga ba. Mutumin ya toshe shi.

A tsaye a wurin ya fara hango abin da ke tafe. Za a kore shi a gaban mutum ɗari bakwai. Za a ƙwace masa izinin shugabantar ƙungiya. Mutanen da ya yi shekaru yana yi wa gori za su karanta sunansa. Kuma ya san a daidai lokacin 'yan shagonsu sun taru gaban babban allo, da iyalansu, suna jiran ganinsa.

Aka fara zagayen farko. Alƙalan gasa sanye da riguna masu ruwan ɗorawa suna yawo tsakanin tebura, hannu a baya. Hausawa suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk rigar da ta gifta sai numfashinsa ya tsaya har ta wuce.

Abin takaici, tsarin yana aiki. Dila ya kira dusar ƙanƙara, Mujiya ta juya layi, Bajimi ya sha bugun wuta ya tsaya da ƙafarsa, sannan ya share dodanni biyu a bugu ɗaya. Abokin karawarsa ya riƙe baki. "Kai, wane irin abu ne wannan?"

Da a shago ne, da Wendell ya cika shi da surutu. Yau ko kallonsa bai iya yi ba.

A zagaye na uku wata alƙaliya ta nufo teburinsu kai tsaye. Ya ji takunta a bayansa. Ta tsaya. Ta miƙa hannu.

Kafaɗar mutumin da ke zaune kusa da shi ta dafa.

"Yi haƙuri, ɗauko na'urarka ka biyo ni."

Mutumin ya tashi yana dariyar yaƙe. Bayan minti goma ya dawo, fuskarsa kamar an shafe ta da toka. Ya tattara jakarsa, ya cire katin gasar daga wuyansa ya ajiye a tebur, ya fita. Kafin ya kai ƙofa wayoyi har sun ɗaga ana ɗaukarsa.

Wendell ya ci wannan zagayen ma. Bai san yadda aka yi ba.

Da aka ba da hutun cin abinci ya ruga banɗaki ya amayar da kofin da ya sha da safe. Ya wanke fuska ya fito ya zauna a ƙasa a wani lungu, bayansa jingine da bango. A nan Odette ta same shi. Ta sauka a hankali saboda gwiwarta, ta zauna gefensa, ta ɓare masa burodin bannock da ta toya a gida.

"Ba zan iya ci ba."

"Na gani. Jikinka rawa yake."

"Anti, na shiga uku. Mutum tara aka kora zuwa yanzu, ina ƙirgawa."

"Ka tashi ka je wurin mai rawanin nan ka faɗa masa da bakinka."

"In kai kaina? Wataƙila ma ba za su zo kaina ba. Mutum ɗari bakwai ne fa."

"Wataƙila."

Ya juyo ya riƙe mata hannun riga. "Don Allah kar ki faɗa wa kowa. Ki rufa min asiri."

"Ni ba zan faɗa ba. Ba maganata ba ce, taka ce." Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango. "Amma ka sani, duk cin da ka yi gaba kake matsawa. Kyamarorin kuma a gaba suke."

Maganar nan ta tsaya masa a rai. A zagaye na biyar ya yanke shawarar ya faɗi da gangan, ko ya koma teburan baya inda ba mai lura da shi. Ya zaɓi bugun da bai dace ba yana sane. Sai abokin karawar, don tsoron Bajimin, ya kare kansa a inda ba a kawo masa hari ba, ya bar ɗayan gefen a buɗe. Wendell ya sake ci. Ya kalli allon kamar zai yi kuka.

Zagaye na shida ma haka. Yanzu yana tebur na huɗu daga gaba. Mutane sun fara tsayawa a bayansa suna nuna shi. Yana jin ana cewa, "Shi ne mai Bajimin nan."

Aka liƙa jadawalin zagaye na bakwai. Kafin ya kai wurin, lasifika ta riga shi.

"Wasan da za a haska kai tsaye: Wendell Kowalchuk da Odette Fontaine, dukansu daga Winnipeg, dukansu ba a ci su ba, dukansu da Bajimin Ƙanƙara. Ku zo bayan dandamali da na'urorinku."

Zaure ya ɗauki tafi. Wendell ya dubi ƙofar fita. Tana da nisa, kuma idanu duk suna kansa. Haka ya bi bayan Odette.

A bayan labule Harjit Grewal yana zaune gaban kwamfuta. Ya karɓi ta Odette ya jona. Ba a jima ba allo ya nuna kore.

"Lafiya lau, Madam."

Ya miƙo hannu ga Wendell. Wendell ya ba shi na'urarsa. Alƙalin ya jona ta. Wani ɗan layi ya fara tafiya a allon, a hankali, a hankali. Dodo na ɗaya ya wuce. Na biyu. Na uku. Bajimin ne na shida. Da layin ya zo kansa sai ya tsaya.

Ya tsaya kamar ba zai motsa ba.

Wendell ya runtse ido.

"Shi ke nan," in ji alƙalin. "Kore ne. Allah ya ba da sa'a."

Ya buɗe ido. Kore ne da gaske. Na'urar ba ta gani ba.

Ya zaci sanyi zai ji a ransa. Ya hau dandamali yana jiran sanyin ya zo, bai zo ba. Aka zaunar da shi a kujera, fitilu suna dukan fuskarsa, aka sa masa abin ji a kunne. Ga Odette a gabansa, tsakaninsu tebur kawai. Ta gyara tabarau, ta ajiye na'urarta, gefen maɓallan duk ya goge saboda dannawa. Ta miƙo masa hannu.

"Mu yi wasa mai kyau, ɗana."

Babu zargi a idonta. Da ma ta harare shi da ya fi masa sauƙi.

Wani ma'aikaci ya ɗaga yatsu. "Saura minti ɗaya mu shiga."

A cikin wannan mintin Wendell ya gane wani abu da ya fi na'urar ba shi tsoro. Ya fi Odette saurin karanta wasa, ya san zai iya cin ta. Zai kayar da abin da ta yi mako shida tana nema da abin da aka ƙera masa a minti goma, a gaban duniya, da tsarin da ita ta fara kawowa. Za ta miƙa masa hannu ta ce ya yi ƙoƙari, ba za ta taɓa faɗa ba. Sannan su shiga mota ɗaya su yi tafiyar awa bakwai. Sannan Asabar mai zuwa, da wadda ke bin ta, duk ta zauna tana kallonsa ana yaba masa.

"Saura daƙiƙa ashirin."

Ya cire abin kunnen ya miƙe tsaye.

"A kira min babban alƙali."

Harjit Grewal ya hawo da sauri. "Lafiya?"

"Bajimina na ƙira ne. Ba ni na ƙyanƙyashe shi ba. Wani ya turo min, kuma na san abin da yake tun ranar."

Alƙalin ya dube shi sosai. "Malam, na'ura ta wanke ka."

"Na sani. Ita ce ba ta gani ba."

"Ka fahimci abin da zai biyo bayan wannan maganar?"

"Na fahimta."

Alƙalin ya ce a hankali, "To, biyo ni."

Masu kallo a gida kujera kawai suka gani babu kowa. Aka ba Odette zagayen. Aka cire Wendell daga gasar, ya sa hannu a takarda, ya ajiye katin wuyansa. Wayarsa sai kaɗawa take, 'yan shago suna tambayar me ya faru. Ya zauna a kan matakalar waje, cikin sanyi, ya rubuta musu gaskiya gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa asalin tsarin Bajimin na Anti Odette ne. Sau uku yana kai yatsa kan turawa yana janyewa kafin ya tura.

Ba a yi masa da sauƙi ba. Wani ya rubuta, "Ashe mai gorin nan ɓarawo ne." Mai shagon wasannin ya ce ya ajiye shugabancin ƙungiyar har sai an ga hukunci. Wendell bai musa ba.

Washegari ya tsaya cikin 'yan kallo. Odette ta kai cikin takwas na ƙarshe, wata matashiya daga birnin Monterrey ta fitar da ita da dodannin wuta. Da ta sauko, shi ya riƙe mata jaka.

Bayan mako biyar yana shago yana cire taya, abokin aikinsa ya ce wayarsa ta dame su da ƙara. Ya goge hannu ya duba. Masu shirya gasar sun fitar da sanarwa. Ashe bayan an watse sun sake bin bayanan duk dodannin da aka yi rajista, da bincike mai zurfi wanda ba a iya yi a zaure. Mutum ashirin da uku aka kama, har da waɗanda allo ya nuna wa kore. An dakatar da kowannensu shekara biyu, ga sunayensu a jere.

Ya bi sunayen da yatsa, daga sama har ƙasa. Ya sake bi. Babu nasa.

A can ƙasa aka rubuta layi ɗaya: ɗan wasa guda ya kai kansa da kansa, an dakatar da shi wata uku, kuma ba za a ambaci sunansa ba.

Ya zauna a kan tayar da ya cire. Ya daɗe a haka kafin ya kira Odette. Ya yi sa'a tana hutu a tashar ƙarshen layi.

"Na gani," in ji ta, tun kafin ya yi magana.

"Anti, saura ƙiris. Da na yi shiru na daƙiƙa ashirin kawai..."

"Bari in faɗa maka abin da ban faɗa ba. Ranar nan a kan dandamali, kana zaton kai kaɗai ke jin tsoro? Hannuna na hagu a ƙarƙashin tebur yake, rawa yake yi kamar mazari."

"Tsoron me? Naki ai na halal ne."

"Tsoron kar ka ci gaba da zama. Da ka yi zamanka mun buga, ko ka ci ko na ci, da na dawo Winnipeg ba tare da kai ba, ko da kana zaune a gefena a mota." Ya ji ƙarar ƙofar bas tana buɗewa. "Fasinjoji sun zo, ɗana. Share hawayenka ka koma bakin aiki, mutane na jiran tayoyinsu."

Darasi: Abin da ka samu ta ɓarauniyar hanya ba ya barin ka ka ji daɗinsa, ko an tafa maka, gabanka faɗuwa yake. Kar ka raina mai bin hanya a hankali, domin shi yake zama gaban kowane mai bincike da natsuwa. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka tun kana da zaɓi, kafin a faɗa a madadinka. Ku tura wannan labari ga abokanku, wataƙila akwai wanda ke zaune a kan irin kujerar Wendell yanzu, yana neman ƙarfin miƙewa.